Ya yi wa yara alkawarin Abuja, yanzu ya ce a bar maganar

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yanmu uku. Babbar, Ummi, shekararta 13, takwarar surukata ce. Sai Khalifa mai shekara 10, sai auta mai 4. Bara maigidana ya yi wa Ummi alkawari a gaban kowa cewa ranar da ta sauke Alƙur'ani zai kwashe mu duka zuwa Abuja, su ga Masallacin Ƙasa da Dutsen Zuma da fadar shugaban ƙasa da gidajen tarihi. Yarinyar nan ta dage, ko barcin bayan asuba ta daina. Ta sauke, an yi walima. Sai tsautsayi ya faɗa: shi ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, motar kayansa ta lalace a hanya, kafin a gyara rabin kayan ya ruɓe, ga kuɗin mutane a ciki. Tun daga nan duk wanda ya ambaci Abuja sai ya haɗe rai ya fita. Da Ummi ta tambaye shi, cewa ya yi, "A bar maganar nan." Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su. Khalifa kuma ya riga ya baza wa 'yan ajinsu, kullum tsokanarsa suke yi.

Hajiya, mahaifiyarsa, tare muke zaune. Ita tun farko ba ta so. Ta ce yawon banza ne, gidan tarihi kuma gidan gumaka ne, yarinyar da ta sauke Alƙur'ani ba a kai ta kallon gunki.

Wata mai zuwa ni ce da kwasar adashi. Yayana yana Kubwa, ya ce mu zo akwai masauki. Ina tunanin in ce zan kai masa ziyara da yara, in biya kuɗin mota da kuɗina, in mun je ya zaga da mu, ba sai Abbansu ya san ainihin dalilin ba. Ƙawata ta ce in yi, ai kuɗina ne. Zuciyata kuma ta ƙi kwanciya. Mene ne shawararki?

Maman Ummi, Agege

Wa'alaikumussalam Maman Ummi. Allah ya sa wa karatun Ummi albarka, ya mayar wa maigida da alheri.

Kada ki yi tafiyar nan yadda kika tsara ta. Ƙawarki ta yi gaskiya a wuri ɗaya, kuɗin adashi naki ne, babu mai iko da shi sai ke. Amma alkawarin ba naki ba ne. Ba ke kika ɗauka ba, don haka ko kin kashe adashin duka ba za ki iya sauke shi ba. Ummi ba don rashin ganin Dutsen Zuma ta yi sanyi ba. Abbanta ne ya ce mata yi kaza in yi miki kaza, ta yi nata, shi kuma da ta zo sai ya juya mata baya. In kin kai ta Abuja za ta ga dutse, ta dawo Agege, gaisuwar nan ta baki-baki tana nan yadda kuka bar ta. Kuma ki tuna da wa za ki yi tafiyar. Yaron da ya kasa riƙe labarin tafiyar da ba a yi ba, shi ne zai riƙe sirrin wadda aka yi? Tun ba ku ajiye jaka ba zai nuna wa babansa hotuna a waya. Abin da mutumin nan zai ji a ranar shi ne, abin da ya gagare shi matarsa da surukinsa sun yi a bayan idonsa. Wannan tabon ya fi asarar albasa daɗewa. Sannan ga Ummi, mai shekara 13, tana kallon yadda ake faɗa wa maigida rabin magana a ɓoye rabi.

Haɗe ran da yake yi, kunya ce. Mutumin da ya wuni a Mile 12 yana ba masu bin sa bashi haƙuri, in ya shigo gida ya haɗa ido da 'yarsa sai ya ga kamar wani mai bin bashin ne ya riga shi isowa. Na fahimce shi, amma ban wanke shi ba. "A bar maganar nan" ba amsa ba ce ga yarinyar da ta cika nata sharaɗin. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa yaro a gaban jama'a ya fi nauyi, don yaro ba ya mantawa. Abin da ya kamata shi ne ya kira ta, shi da bakinsa, ya ce mata ga abin da ya faru da mota, ga bashin da ke kaina, ban manta ba, ban kuma fasa ba. 'Yar ɗan kasuwa ce, ta san ana riba ana faɗuwa. Abin da ba za ta gane ba shi ne shiru.

Aikinki shi ne ki buɗe masa wannan ƙofar ba tare da kin tura shi ba. Ki nemi daren da ya ci abinci ya natsu, babu Hajiya babu yara a kusa, kuma kada kalmar Abuja ta zama farkon abin da zai fito daga bakinki. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Abban Ummi, yarinyar nan ba tafiya ce ke damunta ba, gani take kamar kana fushi da ita. Ka ce mata wani abu ko kaɗan ne. Ni kuma ina da wata dabara da ba za ta ci kuɗi ba, in ka yarda." Sai ki kawo dabarar.

Kafin dabarar, bari mu duba Abujar da ake ta wannan rigima a kanta. Daga Legas tafiyar ta haura kilomita 700, ta Ibadan da Okene da Lokoja, wuni guda cur a mota in hanya ta yi kyau, ga yaro mai shekara 4 a cinya. A jirgi wajen awa ɗaya ce, amma lissafa tikitin mutum biyar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya kore maganar. In an isa kuma, fadar shugaban ƙasa ba wurin kallo ba ce, dutsen Aso za su hango daga nesa, ginin Majalisa ma daga bakin hanya. Dutsen Zuma a jihar Neja yake, a kan hanyar Kaduna bayan an wuce Zuba. Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, da ƙubbarsa mai ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu, ya cancanci a je a yi salla a ciki, ban rage masa komai ba. Akwai lambun Millennium da Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, akwai tafkin Jabi. Gari ne mai kyau da faɗin tituna, amma yawancin kallonsa ta tagar mota ake yi. Kuma sabon gari ne. Sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin Babangida ta tare a can. Ba mamaki maigidanki ya riga ya shiga firamare a lokacin.

Kafin wannan ranar, tun daga haɗe Kudu da Arewa a 1914, babban birnin Najeriya shi ne garin da kuke kwana kuke tashi a cikinsa. Shekara 77 ke nan. A nan aka karɓi mulkin kai, a nan aka yi juyin mulki, a nan aka yanke shawarar gina Abujar kanta. Mu Hausawan Legas muna da wata ɗabi'a: mutum zai shekara ashirin tsakanin Agege da Mile 12 da Alaba Rago, ya san kowace kwana ta kasuwa, amma in ba sayen kaya a Idumota ko Balogun ba, babu abin da ke tsallakar da shi gada. Na tabbata 'ya'yanki ba su taɓa taka Onikan ba. To dabarar ke nan. Asabar guda, Abbansu ya kai su su ga tsohon babban birnin ƙasa.

Ku fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan. An buɗe shi a 1957, wani Bature malamin zane mai suna Kenneth Murray ne ya tsaya a kan kafa shi. Kada ku sa ran ganin gini mai ƙyalli, tsohon wuri ne. Amma a cikinsa akwai abin da babu shi a Abuja, wato motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta. Baƙar Marsandi ce, tana nan a ajiye, ga hujojin harsasai a jikinta, yaro zai tsaya dab da ita ya ƙirga su da ido. A bangon ɗakin kuma hotunan waɗanda suka mulki ƙasar nan ne.

Ki nemo 'yar murtala guda tun daga gida, in za ki samu, don naira ashirin ta fara wuyar gani, ki damƙa wa Khalifa. A gaban motar nan Abbansu ya ce masa ya dubi fuskar da ke jikin kuɗin, sannan ya ba su labarin. Bakano ne, an haife shi a 1938, ya hau mulki a Yulin 1975. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar wa ƙasa cewa za a ɗauke babban birni daga Legas a kai tsakiyar ƙasa, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar haka. Kwana goma bayan nan, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu da safe, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan, babu jiniya babu ayarin motoci, cunkoso ya tsayar da motarsa a Ikoyi, sojojin da ke tare da Laftanar Kanar Dimka suka buɗe mata wuta. Shekararsa 37. An kai shi Kano aka binne. Filin jirgin saman da ke Ikeja, wanda jiragensa ke wucewa ta kan rufinku kullum, sunansa ne. Yaran da ke mafarkin Abuja su san cewa mutumin da ya sa hannu aka yi ta bai taɓa ganin ko tubalinta ɗaya ba. Sai Ummi ta juya takardar kuɗin. Matar da ke bayan tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta yi aiki a cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja bayan ya bar wa sabon birnin sunansa. Takarda ɗaya, ga wanda ya kafa garin ga 'yar ƙasar wurin.

Sauran ɗakunan kayan da ne. Akwai kawunan yumɓu na Nok, wani ƙauye a kudancin Kaduna inda masu haƙar kuza suka fara tono su, sun haura shekara 2,000. Akwai kayan tagulla na Benin, irin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe dubbai daga fadar Oba a 1897, har yau ana ta fafutukar dawo da su. Akwai na Ife, akwai kayan dodanni da na sarauta. Ku nemi ma'aikacin da zai zaga da ku yana bayani, in ba haka ba yara za su ratsa cikin minti goma su ce sun gama. A kuma tambaya kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto.

Daga nan da ƙafa za ku isa dandalin Tafawa Balewa, wanda kowa ke kira TBS, akasarin mutane kuma tashar bas kawai suka ɗauke shi. Filin sukuwar Turawa ne a da. Shekaru da dama an san ƙofarsa da siffofin fararen dawakai da suka ɗaga ƙafafun gaba, da jajayen mikiyoyi. A wannan filin ne, da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore, Gimbiya Alexandra tana wakiltar Sarauniya. Wanda ya karɓi takardun mulkin kai malamin makaranta ne daga Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa, shi ne a jikin naira biyar. Daga gidansa na nan Legas sojoji suka ɗauke shi ranar 15 ga Janairu 1966, aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. A gefen dandalin akwai wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin basasa. Ku tambayi Hajiya ko a danginsu akwai wanda ya je yaƙin Bama. Gidaje da yawa a Arewa akwai.

Akwai abin da nake so Khalifa musamman ya ji a ranar. Yaron da aka haifa a Agege, yana jin Yarabanci kamar ruwa, amma rana ɗaya za a yi faɗa a makaranta wani ya ce masa ya koma garinsu. Ya kamata ya san sawun kakanninsa a garin nan ba na jiya ba ne. Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta ne daga 1863, daga 'yar rundunar Hausawa da wani Baturen soja mai suna Glover ya haɗa a Legas, Obalende kuma tsohuwar unguwar sojojin nan ce. Titin Ribadu, inda Barikin Dodan yake, sunan Muhammadu Ribadu ne, ministan tsaro a jamhuriya ta farko. Musa 'Yar'aduwa, mahaifin Shehu da Umaru, ministan harkokin Legas ne sukutum, akwai titi da sunansa a Victoria Island, kusa da babban titin Ahmadu Bello. Ba don ya yi wa kowa gori ba. Don dai ya san inda yake tsaye.

In rana ta take, ku gangara Freedom Park a titin Broad. Kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, an tsare 'yan gwagwarmaya a cikinsa irin su Herbert Macaulay da Michael Imoudu da Anthony Enahoro da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi lambu a 2010. Akwai inuwa da wurin zama, an kuma bar alamar ɗakunan fursunoni, yara su ga ƙanƙantarsu. Da rana za ku je ku fito, don da yamma wurin kiɗa da shaye-shaye ne, ba wurin Hajiya ba.

To ga maganar Hajiya, wadda ita ce ta fi buƙatar a bi a hankali. Kada ki yi gardama da ita, ba huruminki ba ne, kuma damuwarta ba shirme ba ce. Gaskiya ne, a cikin kayan gidan tarihin nan akwai waɗanda wasu mutane suka bauta wa, babu amfanin a ce mata babu. Hukunci na malamai ne, sai maigida ya tambayi malamin da Ummi ta sauke a hannunsa, ya kawo wa Hajiya amsar daga bakin wanda take ganin girmansa. Ni dai abin da na sani, Ummi ta karanta a Suratur Rum, aya ta 42, inda aka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Wanda ya tsaya gaban abin da aka taɓa yanka wa dabba, yau ga shi a cikin gilashi da lamba a jikinsa ma'aikaci yana kaɗe masa ƙura, ban ga yadda imaninsa zai ragu ba. Amma ko an yarda, ba dole ne Hajiya ta shiga waɗannan ɗakunan ba. Ta ga mota, ta zauna a inuwa ta jira ku.

Kuma ku canza yadda kuke kawo mata maganar. Kun ce mata "gidan tarihi", ta ji gumaka. Ku ce mata za a je a ga motar Murtala, a yi azahar a tsohon masallaci. A titin Martins akwai masallacin Shitta-Bey, an buɗe shi a 1894, wani attajiri Muhammadu Shitta ne ya gina da kuɗinsa, maginin kuma daga cikin mutanen da suka dawo daga Brazil ne, shi ya sa fasalinsa bai yi kama da masallatan da muka saba gani ba. Sarkin Daular Usmaniyya na Turkiyya ne ya aiko wa mai ginin da sarautar Bey saboda wannan aiki. Ba nisa kuma ga Babban Masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe ginin yanzu a 1988. Tsohuwar da ta ƙi yawon banza ba za ta ƙi ziyarar masallacin da ya haura shekara 130 ana salla a cikinsa ba. Sannan duk wanda ya yi wayo a 1976 ya san inda yake lokacin da rediyo ya faɗi mutuwar Murtala. Hajiya tana budurwa ko sabuwar amarya a lokacin. Ki sa takwararta ta tambaye ta wani dare bayan isha'i, za ki ga labari ya ɓalle. Gayyatar kuma ki bar wa Khalifa, maigidanta ne, ya ce ba ya fita unguwa ya bar matarsa a gida. Abin da suruka ba za ta iya faɗa ba, jika zai faɗa a yi dariya. In duk da haka ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, a bar ta cikin girmamawa, a nemi albarkarta, a kawo mata tsaraba. Abin da ba za a yi ba shi ne a fita a ce mata an je gidan biki.

Shirin kansa ba wuya. Ku tabbatar gidan tarihin yana buɗe a ranar kafin ku fita. Ku bar Agege da sassafe, kafin Oshodi ta cushe. In da Hajiya, gara a yi shatar motar wani na unguwa da kuka sani, a bi ta gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, wadda ita kanta abin kallo ce ga yaron da bai taɓa hawa ba. In babu ita, bas ɗin BRT na kaiwa har TBS da katin Cowry, akwai kuma jirgin ƙasa na Red Line daga Agege zuwa Oyingbo, sai a duba jadawalinsa. Ki dafo abinci daga gida, da ruwa da zoɓo mai sanyi, don abin da ke cinye kuɗi a irin wannan fita shi ne "Umma zan sha wancan". Ki rubuta lambar waya a takarda ki sa a aljihun auta, kuma wajen masallatan nan kasuwa ce maƙil, hannunsa kada ya bar naki. Kada ku haɗama. Babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu da aka gina don bikin al'adun Afirka, wato FESTAC, na 1977, da tsohon gidan tarihin jirgin ƙasa a Ebute Metta, da Badagry, duk ku bar su sai wani hutun.

A nan ne adashinki zai shigo, a fili, kuma kaɗan. Ki ce guzuri da kuɗin shiga naki ne, gudummawarki ce ga saukar Ummi. Kuɗin mota ki bar masa ko da shi kaɗai zai iya, kuma shi zai shige gaba, shi zai yi bayani. In bai san labaran ba ki karanta masa wannan shafin tun da dare. Yaran suna buƙatar su ga Abbansu ne ya fito da su.

Sai abu ɗaya da zai iya ɓata komai: kada kowa ya ce wa Ummi wannan ce Abujar. Za ta gane wayo ne, kuma za ta fi jin ciwo. Abbanta ya faɗa mata ƙarara cewa wannan somin-taɓi ne, Abuja tana nan a kansa, ya kuma ɗaura ta da wani abu da yarinya za ta iya gani, ba "in Allah ya hore" kawai ba. Hanya mafi sauƙi, in garinku ta Kaduna ake bi, ita ce a haɗa da tafiyar gida. Duk shekarar da za ku je Salla ko biki, ku nemi motar da ke bi ta Lokoja da Zuba. Ku sauka a Kubwa, ku kwana biyu wurin yayanki, ku yi Juma'a a Masallacin Ƙasa, washegari ku wuce ta gindin Dutsen Zuma. Abin da zai ƙaru a kan kuɗin tafiyar bai taka kara ya karya ba, kuma yayanki ya karɓi baƙuncin surukinsa da iyalinsa, ba ƙanwarsa da ta sulalo ba. Af, shi ma yayan naki, kada ki zazzage masa duk labarin bashin. Ki ce masa an ɗaga tafiyar, za ku zo gaba ɗaya.

In kin yi duk wannan ya ce shi ko Onikan ba zai je ba, kada ki matsa a daren. Ki ba shi mako biyu, mutumin da ke cikin bashi wani lokaci ko abin alheri nauyi yake yi masa. In ya ci gaba da toshe kunne, ki nemi amininsa ko wani babba da yake jin maganarsa, kan maganar shirun da ke tsakaninsa da 'yarsa, ba kan yawo ba. In kuma har kina son zuwa Kubwa da yaran, ki nemi izini da cikakken bayani: zan je wurin Yaya, kuma zai zaga da su gari. Ya ce e ko a'a yana sane.

Ita kuma Ummi, kada ki zama abokiyar ƙorafinta a kan mahaifinta, ko da kina ganin ita ke da gaskiya. Ki gaya mata abin da ya samu motar, iyakar abin da shekarunta za su ɗauka, ki ce mata gobe in ya dawo daga kasuwa ita za ta kai masa ruwa da abinci, ta kuma zauna har ya gama ci.